Tsohuwar mota ta hawan kullum a Saudiyya: Cressida, Caprice, Marsandi ko Land Cruiser?

Mai hali idan ya yi sha'awar tsohuwar mota, sayenta yake yi ya tura warsha, wato garejin gyara, a kwance ta har ƙusar ƙarshe, bayan shekara ɗaya ko biyu a dawo masa da ita tana ƙyalli, ya riƙa fitowa da ita daren Alhamis a bakin ruwan Jidda. Wannan ba ya neman shawarar kowa. Wanda nake wa magana shi ne ɗan'uwanmu mai albashi ko ɗan ƙaramin ciniki, mazaunin gidan haya a Makka ko Jidda ko Madina, wanda zuciyarsa ta nace wa motar shekarun 1980, amma kuma ita ce za ta kai shi wurin aiki ranar Lahadi da safe, ta kai yara makaranta, ta ɗauko baƙi daga filin jirgi lokacin Umra. Yana hawa yana gyara, kuma ba shi da wata motar da zai koma wa in wannan ta kwana a hannun makaniki.

Motoci huɗu ne suka fi yawo a bakin masu wannan sha'awa: Toyota Cressida, Chevrolet Caprice mai kusurwa, Mercedes W123, da Land Cruiser samfurin 60. Na san da yawa daga cikinmu, musamman waɗanda suka tashi a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, in an bar su da ransu Peugeot 504 za su ambata, tunda a Kaduna aka yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru. A haƙura. A nan ba ka da masu sayar da kayanta a kowace kwana kamar a gida, kuma motar da ake jiran kayanta daga wata ƙasa ba ta kai mutum aiki.

Abin da za a auna

Ma'auni na farko ya fi duk sauran nauyi: aikin da motar take bukata yana yankuwa gunduwa-gunduwa ko kuwa? Birki, lagireto, famfon ruwa, kafireto, shokozoba, robobin ƙafa, duk waɗannan aikin wuni ɗaya ne ko biyu. Ka kai ta ranar Asabar da safe, ka karɓa da dare, Lahadi ka tafi aiki. Tsatsa da fenti kuwa ba sa yankuwa. Da zarar samkari, wato mai gyaran jikin mota, ya sa abin yanka a gindin ƙofa, motar ta zauna ke nan sai makonni, domin tsatsar da ido ya gani kaɗan ce daga wadda ke ƙarƙashi. Saboda haka motar da injinta ya gaji amma jikinta lafiya, ita ce ta mai hawa kullum. Wadda injinta ke tashi da bugu ɗaya amma ƙasanta ya ruɓe, a bar wa mai mota biyu.

Wannan ya sa asalin garin da motar ta yi rayuwarta yake da muhimmanci fiye da lambar da ke kan mita. Iskar Jidda da Yanbu da Dammam tana ɗauke da gishiri da laima. Motar Riyad ko Ƙasim rana ta cinye fentinta, dashbod ya tsage, robobi sun bushe, amma ƙarfenta yana nan. Ka kuma tuna ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 da ta Janairun 2011 da ta Nuwamban 2022. Ɗaga kafet ka duba, ka shinshina, ka leƙa ramin safaya. Busasshiyar laka a lungun da ba a wankewa tana gaya maka abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba.

Na biyu, kayan gyara. Wuri uku ake samun su: wurin wakilin kamfani, shagunan sina'iyya (unguwar makanikai), sai tashlih, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, irin na Buraiman a Jidda ko na Ha'ir a Riyad. Duk abin da babu a waɗannan ukun sai an yi odarsa ta intanet ko a nemo daga Sharja, ga jira, ga kuɗin kawowa, ga harajin kashi 15. A rarrabe kuma tsakanin kayan inji da kayan jiki. Mota tana iya zama fistin ɗinta da gasket suna ko'ina, amma fitilar baya ɗaya ta sa ka yi wata uku kana cigiya.

Na uku, zafi. A aikin Hajjin 2024 ma'auni ya nuna digiri 51.8 a Makka. Motar da ba ta sanyaya injinta da mutanen cikinta a cunkoson bayan sallar La'asar, ta watanni huɗu ce kawai a shekara. Kusan duk waɗannan motocin an ƙera na'urar sanyinsu ne da tsohuwar iskar R12, wadda aka daina yi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Yawancinsu an riga an mayar da su R134a, sai dai wani an yi aikin da kyau, an canja mai da robobi da abin tace laima, wani kuwa ɗura sabuwar iskar kawai aka yi aka sallami mai mota.

Na huɗu, mai. Har zuwa ƙarshen 2015, litar fetur 91 halala 45 ce (halala 100 ke yin riyal ɗaya). Tun Yulin 2021 an tsayar da ita a riyal 2.18, ita kuma 95 a riyal 2.33. Ninki kusan biyar ke nan, kuma albashin yawancinmu bai ninka haka ba.

Na biyar, takardu. Fahas, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ba ya duba tsufa ya yi sassauci: birki, fitilu, hayaƙi, tayoyi, yoyon mai, duk sai sun wuce. In babu fahas da ta'amin (inshora) ba a sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, ba a kuma juya sunan mota a Absher, manhajar gwamnati. Kada ka biya kuɗin motar da istimararta ta mutu shekaru bisa alkawarin "za a gyara takardun daga baya". Shigo da wata daga waje ma ba mafita ba ce, domin motar hawa da ta wuce shekara biyar ba ta shigowa, waɗanda suka haura shekara 30 kuma da sunan kayan tarihi suke shigowa, ba na zirga-zirgar kullum ba. Abin da ke cikin ƙasa da lambarsa, shi za ka zaɓa daga ciki. Baƙo mai iƙama, wato takardar zama, kuma ya sani mota biyu ce iyakarsa, kuma akwai sharuɗɗa a kan motoci masu kujeru da yawa da na ɗaukar kaya, don haka a tambayi Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, kafin a yi ciniki.

Na ƙarshe shi ne wanda masu sha'awa ba sa son a tayar. Yawancin waɗannan motocin ba su da jakar iska, ba su da birkin ABS, kuma za ka hau titin da ake gudun 120 zuwa 140 da iyalinka a baya. Ta'amin ɗin da za ka samu cikin sauƙi na wanda ka buga ne kawai. In kuma wani ne ya buge ka, masu ƙiyasi farashin kasuwa za su duba, ba kuɗin da ka narkar a shekara uku ba.

Toyota Cressida

An fara ta a 1976, kuma bayan an daina kai ta Amurka a 1992 ta ci gaba da zuwa ƙasashen Larabawa har tsakiyar shekarun 1990. Wannan ne ya sa za ka samu wadda ba ta tsufa can-can ba, da wayoyin lantarkin da ba su gama bushewa ba. Toyota kuma tana hannun kamfanin Abdul Latif Jameel a ƙasar nan tun 1955, ba baƙuwa ba ce a kowane gari.

Babbar fa'idarta injin 22R mai lita 2.4 da silinda huɗu, wanda shi ne dai a cikin Hilux ta wancan zamani. Duk makanikin da ya taɓa riƙe sifana a Saudiyya, ɗan Pakistan ne ko ɗan Yaman ko namu, ya san shi. Kafireto ne, babu kwamfuta, kuma wurin injin yana da fili har hannu ya kai ko'ina. Rauninsa sananne ne: sarƙar taimin tana bin wata roba mai riƙe ta, idan robar ta karye sarƙar ta riƙa cin murfin gaba har ruwa ya haɗu da baƙin mai. Alamarsa ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu idan an tayar da safe. In ka ji haka, wannan ne aikin Asabar ɗinka ta farko, kuma ba ya wuce kwana biyu.

Inda take ba da wahala shi ne jiki. Fitilu na asali, ƙarafan ado, robar gilashi, maɓallan ciki, sun yi wuya, kuma masu tashlih sun gane haka. Matsala ta biyu tarihin motar ne. Cressida ta yi tasi, ta yi jigilar fasinja tsakanin garuruwa, samari kuma sun yi wasan tafhiɗ, wato ganganci da mota, da ita har suka gaji. Da yawa an sauya musu inji da wani mafi ƙarfi, an yanke wayoyi an ɗaure da salatif. Wadda ta fito daga hannun dattijo ɗaya tun tana sabuwa tana nan, amma mai ita ya san abin da yake riƙe da shi, kuma farashin da zai faɗa a Haraj, kasuwar motocin hannu, zai ba ka mamaki. Ka sa mata makullin sitiyari kuma, don buɗe tsohuwar Toyota ba ya ɗaukar ɓarawo lokaci.

Sanyinta madaidaici ne, yana isa in an wanke shi an gyara. Hawan Hada zuwa Ɗa'if da mutum biyar da esi a kunne, za ta hau, amma a giya ta ƙasa kuma ido a kan allurar zafi.

Chevrolet Caprice

Ina nufin mai kusurwa, ta 1977 zuwa 1990, ko da yake abin da zan faɗa ya shafi mai zagayen jiki ta 1991 zuwa 1996 wadda 'yan ƙasa ke kira sabuna. Duk wanda ya zauna a kujerar bayanta daga Makka zuwa Madina, kilomita sama da 400, ya san dalilin da ya sa Saudiyawa suka so ta. Ba ta jin rami, ba ta jin nisa, kuma sanyinta babu na biyunsa a cikin huɗun nan. A watan Agusta wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injinta V8 ne, galibi mai lita 5.0, daga zuriyar da Chevrolet ta fara tun 1955, kuma shi ne a cikin GMC da Suburban da suka cika ƙasar. Kayansa suna da araha, sababbi ma ana yin su har gobe. Jikinta a kan shasi yake zaune, wato ƙarfen da ke ɗauke da motar daban, kwanon jiki daban, don haka ɗan tsatsar ƙofa ba ya taɓa ƙarfin motar kamar yadda yake yi wa Cressida ko Marsandi. Ga mai gyara yana hawa wannan rangwame ne babba, domin kana iya jinkirta aikin samkari shekara guda ba tare da ka sa kowa cikin haɗari ba, muddin shasin da kansa lafiya yake.

Aibunta biyu ne, kuma kullum za ka gamu da su. Na farko mai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to wanda ya sayi V8 mai kafireto kada ya zo yana ƙorafi a gidan mai. Na biyu girma. Tsawonta ya kusa mita biyar da rabi. In kana zaune a tsofaffin unguwannin Makka masu hawa da lunguna, wajen Shari' Mansur ko Misfala, ka fara tunanin inda za ka ajiye ta da dare kafin ka yi tunanin launin fentinta. Giyarta ta otomatik kuma zafi ne ajalinta. Ka ja sandar man giya ka duba: ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙauri a rage kuɗi ko a bar ta. Ƙara mata ɗan lagireton man giya aiki ne na awa biyu da ke tsawaita ranta sosai. Sauran ƙananan abubuwa ne, rufin ciki da ke saukowa kan mutum, injin gilashi da ke mutuwa, ƙofofi masu nauyi da ke saki.

Mercedes W123

A nan ne zuciya take rinjayar lissafi, don haka zan ɗan daɗe. An ƙera ta daga 1976 zuwa farkon 1986, kusan miliyan 2.7, kuma ta yi tasi shekaru da dama a Maroko da Lebanon da wasu ƙasashen. A cikin huɗun nan ita ce aka fi ƙera da kyau. Birkin faifai ne a ƙafa huɗu, gabanta da bayanta an tsara su su lanƙwashe su sha bugu kafin ya kai ga mutane, kuma a gudun 120 tana zaune daram. In maganar kare iyali ce, ita ce gaba, duk da cewa ba ta kai ƙaramar motar zamani ba.

Sai dai sunan W123 ya ƙunshi motoci daban-daban. Akwai 200 mai kafireto, mai sauƙin gyara amma mai nauyin jiki, esi yana kunne tana nishi. Akwai 230E mai lita 2.3, wadda a ganina ita ce daidai ga mai hawa kullum. Akwai 280E mai silinda shida, mai daɗin tuƙi, mai shan mai kusa da Caprice. Masu dizal, 240D da 300D, su ne suka yi suna a duniya wajen daɗewa, amma a Saudiyya ba su da yawa, kuma arahar dizal ɗin ma ta ragu, daga riyal 1.15 a 2024 zuwa 1.66 a 2025.

Masu harafin E suna amfani da tsarin allurar mai na Bosch da ake kira K-Jetronic. Ba na lantarki ba ne, da matsin mai yake aiki, kuma in yana lafiya sai ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. In ya lalace kuwa, makanikin da bai san shi ba zai yi ta juya sukurori har motar ta daina tashi gaba ɗaya. Waɗanda suka san shi galibi dattawa ne 'yan Sham ko Masar, suna raguwa, kuma ba sa sauri. Ka nemo naka kafin ka sayi motar, ka je da shi wurin dubawa in ya yarda. Haka nan makullan ƙofofi da wasu abubuwan da iskar zuƙa suke aiki, ta cikin siraran bututu da suka shekara 40 suna shan rana. Yoyo ɗaya sai ya sa ka bi motar daga gaba har but kana nema.

Kayan injinta da na ƙafa ana samu, na kamfanonin Jamus da na China, kuma bambancin yana fitowa cikin wata shida. Na kirkin ba su da araha. Sanyinta shi ne mafi rauni a cikin motocin ɗaki ukun, don an tsara ta ne da yanayin Turai a rai, kuma da yawa sai an sauya kwamfiresa an ƙara fanka a gaba kafin ta iya da Makka. Tsatsa kuma tana kama ta a wuraren da ke ɗauke da nauyi: ramukan jak, ƙarƙashin batir, gindin gilashin gaba, ƙasan ƙafar direba. W123 da ta yi rayuwarta a Jidda, ka shiga ƙarƙashinta da fitila kafin ka saurari injinta.

Land Cruiser 60

Ba zan ja magana ba. An yi ta daga 1980 zuwa 1990, da injin 2F mai lita 4.2, daga baya 3F mai lita 4.0, kuma kusan ba ta mutuwa. Amma masu tara motoci a duniya sun gano ta, farashinta ya tashi har ya fi na wasu sababbin motoci. Tana shan mai fiye da kowa, tana kan sifirin ganye mai jijjiga ƙashi, ba ta son gudun babban titi, tana kuma tsatsa a bakin rufi da bayan tayoyin baya. In aikinka na gona ne ko kiwo a wajen gari, tana da hujja. In daga gida zuwa ofis ne a kan kwalta, kana biyan kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba.

A taƙaice cikin jadawali

Kuɗin man da ke ƙasa lissafin misali ne: na ɗauka kana yin kilomita 1,500 a wata, na kuma ɗauki shan mai na tsaka-tsaki ga inji mai lafiya. Mai zuwa Jidda daga Makka kullum ya ninka shi biyu ko fiye.

| | Cressida | Caprice | W123 (230E) | Land Cruiser 60 |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | matsakaici, mai tsabta da tsada | mafi sauƙi | matsakaici zuwa sama | mafi tsada |
| Lita a kilomita 100 | wajen 12 | wajen 16 | wajen 12, fetur 95 | wajen 19 |
| Mai a wata | riyal 390 | riyal 520 | riyal 420 | riyal 620 |
| Kayan inji | ko'ina | ko'ina, da araha | akwai, da tsada | akwai |
| Kayan jiki | wuya | tashlih | oda daga waje | wuya, da tsada |
| Makaniki | kowa | kusan kowa | sai gwani | kowa |
| Sanyi | ya isa | mafi kyau | rauni | ya isa |
| Abin tsoro | tarihin wahala, sata | giya, wurin ajiya | tsatsa, allurar mai | tsatsa, farashi |

Ƙaramar motar zamani mai shan lita 7 za ta ci wajen riyal 230 a wannan tafiyar. Bambancin da ke tsakani shi ne kuɗin sha'awarka na wata-wata, tun kafin a sayi ko filogi ɗaya.

Tsarin aikin, ko wacce ka ɗauka

Kada ka kashe duk kuɗinka wurin saye. In abin da ke hannunka kashi uku ne, biyu na mota, ɗaya na watanni ukun farko. Mota mai shekara 35 da aka ce "ba ta bukatar komai" tana nufin mai ita bai duba ba.

Fara da abin da ke tsayar da mota: birki gaba ɗaya har da bututun roba, sai tayoyi. Duba shekarar da ke jikin taya, domin a zafin nan taya tana mutuwa da tsufa tun zanenta bai cinye ba. Daga nan ruwa: lagireto, famfo, duk hos, fanbel, da tamostat. Makanikai da yawa a nan cire tamostat suke yi su jefar, wai don zafi. Kada ka yarda, a sa sabo, a kuma zuba ruwan lagireto na gaskiya maimakon na famfo mai gishiri da ke toshe hanyoyi. Sai bututun fetur, waɗanda in sun tsage a kan inji mai zafi gobara ce, don haka abin kashe wuta ya zauna kusa da hannunka. Sai lantarki, sai esi, sai ƙafa. Kujeru da rufin ciki suna iya jira.

Fenti shi ne na ƙarshe, kuma a nan yawancin mutane suke juya tsarin, don fenti ne abokai ke gani. Ka tara kuɗinsa, ka haɗa shi da lokacin da za ka tafi gida hutu, ka bar motar wurin samkari da rubutacciyar yarjejeniya da wani ɗan'uwa mai leƙawa, kuma kada ka biya duka a gaba. In akwai alamar bugu a jiki, warsha za ta nemi takardar izinin gyara, wadda ake cirewa a Absher. Canja launi kuma sai da izinin Murur a gyara istimara, don haka mafi sauƙi ka mayar da ita launinta na asali. Wani abin da mazaunin gidan haya zai kiyaye: motar da ta daɗe a bakin titi a kan duwatsu, ƙura ta rufe ta, baladiyya, wato hukumar gari, tana manna mata takarda, in ba a ɗauke ba ta ɗauke. Kwance inji a ƙofar gida, irin yadda ake yi a Kano, ba ya yiwuwa a nan. Lambar mai saɗaha, motar da ke ɗaukar wadda ta lalace, kuma ta zauna a wayarka tun ranar farko.

Akwai hanya ta biyar da ya kamata a faɗa, wato mota biyu: ƙaramar Toyota ko Hyundai mai shekara takwas zuwa goma don aiki, tsohuwar kuma a bi ta a hankali. Kuɗin ta'amin da fahas da istimara sun zama biyu, wurin ajiya ma biyu. Amma gaggawa ta fita daga lissafinka, kuma gaggawa ce take sa mutum ya sayi kayan banza da tsada don dole motar ta fita gobe. Illarta ɗaya, motar da ba dole a hau ta ba tana iya shekara biyar a warsha ana cewa sai bayan Hajji.

Wa ya dace da wacce

In motarka ɗaya ce, aikinka ba ya karɓar uzurin latti, kuma ba ka taɓa riƙe tsohuwar mota ba, nemi Cressida mai 22R ta shekarun ƙarshe, daga garin da ba na bakin teku ba, ko da fentinta ya ƙone. In iyalinka suna da yawa, tafiyarka ta dogon titi ce tsakanin Makka da Madina da Ɗa'if, kana da filin ajiya, kuma ƙarin riyal ɗari da wani abu a wata ba zai taɓa cefane ba, Caprice za ta fi ba ka daɗi, ita ce kuma ta fi haƙuri da gyaran kaɗan-kaɗan. Marsandi ta wanda ya riga ya san makanikinta ne, yake da abin hawa na biyu ko wurin aikinsa yake kusa, kuma zai iya jiran kaya mako uku ba tare da ransa ya ɓaci ba. Land Cruiser ta mai zuwa daji ce, ko mai kuɗin da zai saya a gyare. Wanda kuma yake bin titin Makka zuwa Jidda kullum da yara a baya, ya sayi ƙaramar motar zamani mai jakar iska tukuna, tsohuwar ta zama ta biyu a sunansa.